Hitar gas ɗinmu tana mutuwa da na ɗaga hannu: bawul ne da gaske?

Maman_Hibba
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ina neman shawarar masu sani. Muna da hitar ɗaki mai amfani da gas, irin mai tayoyi a ƙasa da ake zura tukunya mai kilo 12.5 a bayanta. Hunturu huɗu ke nan muna kunna ta saboda Mama, surukata, ƙafafunta ba sa jure sanyin Jos. Bara lafiya lau muka mayar da ita sito a ƙarshen Fabrairu. Shekaranjiya da sanyi ya sauko muka fito da ita. In na danna abin murɗawar na kyasta, 'yar ƙaramar wutar nan ta ƙasa tana kamawa, amma ina ɗaga hannu sai ta mutu. Na riƙe har na ƙirga arba'in, duk ɗaya. Jiya wani mai gyara ya zo, ko buɗe ta bai yi ba ya ce bawul ya mutu, sai an yo odar sabo daga Legas, kuɗin da ya faɗa kuwa ya kusa rabin kuɗin sabuwar hita. Ta yaya mutum zai gane bawul ɗin ne da gaske? Mama da safa biyu da bargo biyu take kwana, abin ya tsaya mini a rai.

AbuZainab
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Kafin masana su iso: kina jin warin gas in hitar tana kashe? Sannan 'yar wutar nan shuɗiya ce ko rawaya?

Sani_MaiGas
Hajiya, ni gas nake sayarwa ta wajen Farin Gada, kuma da an shiga Disamba irin wannan ƙorafin ba ya yankewa a shagona. Fara daga mai sauƙi. Ɗaga tukunyar ki ji nauyinta, in tun bara take ajiye wataƙila abin da ya rage a ciki bai taka kara ya karya ba. Sai regileta. Ciro ta kicin wadda kika tabbata tana aiki ki gwada, amma ki karanta rubutun jikinta ya dace da wanda ke bayan hitar, yawanci milibar 28 zuwa 30. Kada a sa mata irin regiletar masu tuya da manyan murhu, wadda ake murɗawa a ƙara ƙarfi. Wannan ba ta hita ba ce.

Injiniya_Bukuru
Maman Hibba, sannu da ƙoƙari. Abin da kika kwatanta sananne ne a wajen masu aikin, kuma sau da yawa ba bawul ba ne. Bari in faɗa miki abin da ke ciki, don ki san tambayar da za ki yi wa duk wanda ya zo.

In kika leƙa kusa da 'yar wutar, za ki ga wani ɗan ƙarfe mai tsini kamar kan ƙusa, da siririyar wayar jan ƙarfe da ta bi har gindin bawul. Sunansa tamokopul. Ƙarfe iri biyu aka haɗa a tsininsa, in wuta ta gasa shi sai ya haifi lantarki ɗan mitsitsi, wajen milibolt 20 zuwa 30. Wannan lantarkin ne ke riƙe wani ƙaramin maganaɗisu a cikin bawul. Sa'ad da kike danna abin murɗawa, hannunki ne ke buɗe wa gas hanya. Da tsinin ya yi zafi sai maganaɗisun ya karɓi aikin daga hannunki. In wuta ta mutu, ƙarfe ya huce, maganaɗisu ya saki, sifirin ya rufe hanya, gas ba zai ci gaba da kwarara cikin ɗaki ba. Dalilin yin sa ke nan.

To in hita ta mutu da kin saki, ko dai lantarkin bai isa ba, ko ya isa maganaɗisun ya kasa riƙewa. Yana yiwuwa wutar ba ta lasar tsinin sosai. Yana yiwuwa notin da ya ɗaure wayar a gindin bawul ya saki ko ya yi tsatsa. Yana yiwuwa tamokopul ɗin ya ƙone. Maganaɗisun bawul shi ne na ƙarshe da ake zargi, bayan an wanke sauran. Wanda bai buɗe ba, bai sa mita ba, ba shi da hanyar sanin wanne ne a ciki.

Maman_Hibba
@AbuZainab babu wari ko kaɗan, har durƙusawa na yi na shinshina. Wutar kuma rawaya ce a sama, 'yar guntuwa, tana layi. Da can na tuna shuɗiya ce tana huci kamar an hura ta.
@Sani_MaiGas tukunyar sabon cikawa ce, ranar Litinin Baban Hibba ya ciko.
@Injiniya_Bukuru na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na ga ƙarfen da kake nufi. Wutar da ƙyar take taɓa shi.

Injiniya_Bukuru
Kin ba da amsar da kanki. Wuta rawaya mai layi wadda ba ta kai ga tsinin, bayan wata tara ko goma a sito, ƙura ce ko saƙar gizo-gizo a ɗan bututun failot, wato inda 'yar ƙaramar wutar nan take fitowa. Akwai wani ɗan rami a gefensa da yake shaƙar iska, da ya toshe wutar sai ta yi laushi. A rufe gas daga tukunya, a cire regileta, a bari ta huce, a hure ramin da iska mai ƙarfi. Amma don Allah kada a zura allura ko tsinke a bakin da gas ke fitowa. An auna girman ramin nan ne, in aka faɗaɗa shi an lalata tsaron hitar ke nan.

Baba_Rikkos
'Yata, ki yi haƙuri da maganar tsoho. Mu da muka tashi a garin nan tun ana haƙar kuza, kasko da gawayi muka sani. A hura a waje, a bari ya zama garwashi, a shigo da shi ɗakin tsohuwa. Ba bawul, ba Legas. Kafin a gama gyaran nan ki yi mata haka, sanyin bana ba na wasa ba ne.

Nas_Rabi
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan sai na roƙe ka ka janye. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na tsaya a kan gadon mutanen da aka kawo da asuba daga ɗakin da aka kwana da gawayi. Akwai wata uwa da 'ya'yanta biyu da ba zan manta ba. Maƙwabta ne suka ɓalle ƙofa. Ƙaramin yaron har yanzu ina ganin hular sanyin da ke kansa, ja mai tuntu. Allah ya yi da sauran kwanansu, amma ba kowa ke tashi ba.

Garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da guba ba. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu. Mutum zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ya ɗauka zazzaɓi ne ya ƙara jan bargo. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Tsoho da jariri su suka fi saurin faɗuwa.

Kuma Maman Hibba, ita ma hitar gas in wutarta ta koma rawaya tana iya fitar da wannan iskar. Shi ya sa maganar launin wuta ta fi maganar kuɗin bawul muhimmanci a wajena.

Baba_Rikkos
Na ji, 'yata Rabi, Allah ya yi miki albarka. Ɗakunanmu na da akwai kafofi ta sama, iska tana shiga tana fita. Na yanzu tagar gilashi ce da silin, ba inda numfashi zai bi. Na yarda. Amma dai a zauna da shi a zaure ana hira ƙofa a buɗe, wannan ban ga laifinsa ba.

DanJos_Winnipeg
Salam 'yan uwa, daga Kanada nake bin ku, a Anguwan Rogo aka haife ni. Wannan zancen ya taɓo ni, don a nan rayuwarmu a hunturu tana rataye ne da babban murhun ɗumama gida da suke kira fanes. Yana ƙasan gida, gas yana zuwa masa ta bututu daga titi, fanka tana tura iska mai ɗumi zuwa kowane ɗaki. A Winnipeg sanyi yana kai digiri 30 ƙasa da sifili a Janairu. In ya tsaya cikin dare, kafin wani lokaci bututun ruwa na iya daskarewa ya fashe.

Sau biyu nawa ya tsaya, kuma abin da na koya ya yi daidai da maganar Injiniya. Fanes yana da tsarin tashi da ba ya saɓawa. Na'urar auna zafi da ke bango tana aika lantarki bolt 24. Ƙaramar fankar fitar da hayaƙi ta fara juyawa. Wani makunni mai jin jan iska ya tabbatar hayaƙi yana da mafita. Sai makyasti ya yi jajir kamar garwashi. Daga nan za ka ji ƙas, bawul ya buɗe, wuta ta kama. Sai wani ɗan sandan ƙarfe da ke tsaye cikin harshen wutar ya shaida cewa ta kama, in bai shaida ba cikin 'yan daƙiƙoƙi sai a rufe bawul. In an gwada wajen sau uku ba nasara, na'urar ta kulle kanta, wata 'yar fitila ta riƙa ƙyaftawa tana nuna lambar matsalar.

Karo na farko, wuta tana kamawa shuɗiya kyakkyawa, kafin in ƙirga biyar ta mutu. Na riga na sa a raina bawul ne. Mai gyara ya zo, ya kwance ɗan sandan nan da sukuru ɗaya, ya nuna mini farin datti da ya lulluɓe shi, ya goge, ya mayar. Shi ke nan. Ya ce tunda wuta ta kama, bawul ya yi aikinsa na buɗewa, mai shaidar ne ya makance.

Karo na biyu kuwa bawul ne. Da ƙanƙara ta narke ruwa ya shigo ƙasan gidan ya haura har jikin fanes. Daga baya makyasti yana yin ja, amma ba ƙas, ba gas. Mutumin bai yanke hukunci da ido ba. Ya sa mita a wayoyin bawul ya ga bolt 24 yana isowa daidai lokacin da ya kamata. Ya sa ma'aunin matsi ya ga gas yana isowa bakin bawul. Lantarki ya zo, gas ya zo, ƙofa ta ƙi buɗuwa, to laifin ƙofa ne. Ya kuma ce ko da yana aiki, bawul ɗin da ruwa ya shanye canza shi ake yi, masu ƙera shi ma haka suke rubutawa. Bayan ya sa sabo sai da ya daidaita matsin fita zuwa inci 3.5 na ruwa, ma'aunin gas ɗin bututu, ya bi kowace mahaɗa yana neman yoyo. A nan sai mai lasisin aikin gas ke wannan aikin, kuma ba sa farke bawul su gyara cikinsa.

Sauran alamun da ya lissafa mini: bawul mai gunji ko kakkarwa in yana buɗe, wutar da ke hawa da sauka alhali matsin shigowa daidai yake, da mafi muni, gas ya ci gaba da wucewa bayan an kashe.

Hajiya_Kek
Ɗan Jos, kamar ka san abin da ya same ni. Ina gasa kek da biredi na sayarwa a Dadin Kowa, obin ɗina na hannu ne daga Amurka, da taransifoma nake kunna shi. Ya fara jinkiri: makyastin ya yi ja minti ɗaya, biyu, ba wuta, can sai ka ji bum, har ƙofar ta motsa. Mai gyara na farko ya ce bawul, na biya aka canza, matsala tana nan. Na biyun ne ya sa mitar da ake maƙala wa waya ya ce makyastin ya tsufa, ba ya jan lantarkin da zai isa ya buɗe bawul, ko da yake a ido yana ja. Aka canza makyasti, magana ta ƙare. Kuɗin bawul ɗin nan har yau ina jin zafinsa, lokacin odar biki ce a hannuna.

Abin da ya rage shi ne gindin tukwanena baƙi ƙirin, wutar saman kuma doguwa ce rawaya tun ranar da na saye shi. Shi ma bawul ne?

DanJos_Winnipeg
Hajiya, kusan na tabbata ba a sauya obin ɗinki zuwa gas ɗin tukunya ba. Yawancin na Amurka da Kanada suna fitowa ne a shirye don gas ɗin bututu. Namu na gida furofen da butan ne, sun fi shi ƙarfin zafi nesa ba kusa ba, don haka ramin da suke fitowa dole ya fi ƙanƙanta. In aka bar manyan ramuka, gas ya yi wa iska yawa, wuta ta yi rawaya, ta yi baƙin hayaƙi. Ki sa a duba bayan obin ɗin, akwai regiletarsa ta kansa mai wani murfi da ake juyawa, gefe ɗaya NAT na gas ɗin bututu, ɗaya LP na gas ɗin tukunya. A juya shi zuwa LP, a canza ƙananan bakunan gas ɗin. Kada ki bari, baƙin gindin tukunya alamar abin da Nas Rabi ta faɗa ne, ke kuma yini kike yi a kicin.

Hajiya_Kek
Innalillahi. Shekara uku ina fama da ciwon kai duk ranar da na yi aiki da yawa, ina cewa gajiya ce. Gobe in sha Allahu za a duba. Na gode ƙanena.

Garba_Terminus
Ni fa abin bai kai haka ba. Tawa ta yi irin wannan, na samu ɗan katako na tokare abin murɗawar ya zauna a danne. Hunturu biyu ke nan tana ci ba matsala. Maman Hibba ki gwada kafin ki kashe kuɗi.

Injiniya_Bukuru
Malam Garba, don girman Allah cire katakon nan yau. Ka mayar da hitarka bututu buɗaɗɗe. Ranar da iska ta kaɗa ta kashe wutar, ko yaro ya ture ta, gas zai yi ta zuba ba mai tsayar da shi. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ba ya tashi ya fita ta taga, kwanciya yake yi a ƙasa, daidai inda yara ke barci a katifa. In ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗakin, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da shi. Hunturu biyun da ka yi sa'a ce kawai Allah ya ba ka.

Admin_Zainab
Sanarwa: ba mu yarda da shawarar kashe na'urar tsaro a wannan zaure ba. Malam Garba, na bar rubutunka ne don mutane su ga amsar da aka ba shi. In wani ya ji warin gas mai ƙarfi: a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a tayar da janareta kusa, a fita waje kafin a yi waya. Lambar gaggawa 112.

Garba_Terminus
To na ji. Ban yi tunanin ta wannan fuskar ba. Na cire.

Umma_Rayfield
Kowa yana cewa ba bawul ba ne, bari ni in ba da labarin wanda bawul ɗin ne. Murhuna mai kai huɗu, ɗaya daga abin murɗawar ya fara tauri. Wata da watanni muna fama, har ta kai yarinyar da ke taya ni aiki tana sa filaya. Wata safiya cokali ya faɗi, na sunkuya in ɗauka, sai wari ya buge ni a ƙasa, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. A tsaye ba ka jin komai. Duk kawunan a kashe suke. Na rufe tukunya na fitar da yara. Da mai gyara ya zo ya cire kan murhun, ya shafa ruwan omo a ɗan bakin da gas ke fitowa, ya buɗe tukunya, abin murɗawa yana kan kashe. Ina tsaye ina kallo kumfa ta kumbura a hankali kamar ƙwan kwaɗo, ta fashe, wata ta taso. Ya ce filayar ta cinye cikin bawul ɗin, ba ya rufuwa ruf. Nan take aka canza shi.

Don haka a wajena alamar ita ce: tauri, sannan wari alhali an kashe. In abin murɗawa ya fara tauri a kira mai gyara tun kafin a kai ga filaya.

Sani_MaiGas
Umma ta kawo magana. Gwajin kumfa shi ne namu na kullum, kuma har yau akwai masu gwada yoyo da ashana, Allah ya kyauta. Warin nan ma ba na gas ba ne, wani sinadari ake zubawa mai suna makaftan don hanci ya kama. Sai dai ba duk wari ne daga bawul ɗin na'ura ba. Da yawa 'yar robar da ke cikin bakin tukunya ce ta tsage ko ta faɗi wajen cikawa, regileta ta zauna a kai ba ta kama ba. Wani lokaci tiyo ne ya bushe ya tsattsage, ko ɓera ya ci. Lanƙwasa tiyonka ka duba, in ka ga tsaga-tsaga ya gama. A ɗaure bakinsa da kilif na ƙarfe, ba da robar taya ba. Ita kanta tukunya akwai shekarar ƙira a jikin hannunta, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta ce shekara 15 ne wa'adinta.

Tanko_MaiGyara
Na karanta duka, ni mai gyaran murhu da hita ne a Dilimi. Ba na kare wanda bai buɗe na'ura ba ya yanke kuɗi, wannan ba aiki ba ne. Amma a yi mana adalci. Injiniya da Ɗan Jos suna maganar ƙasar da za ka faɗi lambar kaya a kawo maka gobe. Mu nan hitocin da ke shigowa iri-iri ne, wasu ko suna babu a jikinsu. Tamokopul ɗinsu a haɗe yake da failot, noti ɗinsa kuma kowane kamfani da irin zarensa. Wani lokaci sai ka sayi saitin gaba ɗaya da bawul kafin ka samu wanda zai shiga. In muka ce wa mai kaya bawul, wani sa'in saitin muke nufi.

Sannan maganar ba a gyara bawul, ban yarda da ita gaba ɗaya ba. A bawul ɗin murhu da na hita da yawa maganaɗisun yana fita daban, a kwance a sa sabo. Mai tauri kuma in ba a kai ga cinye shi ba, ana wankewa a shafa masa man shafawarsa na musamman mai jure zafi. Ba man inji ba, ba man ja ba. Na yi wannan ba adadi.

Injiniya_Bukuru
Malam Tanko, na yarda da kai a kan maganaɗisu da man shafawa, in mai hannu irinka ne ya yi kuma ya gwada yoyo bayan ya gama. Inda ba zan sassauta ba: bawul ɗin da ke wuce da gas a kashe, wanda jikinsa ya tsage, wanda zarensa ya cinye, wanda wuta ta taɓa ci, ko ruwa ya shanye. Waɗannan ba liƙi, ba gam, ba walda.

DanJos_Winnipeg
Malam Tanko, gaskiyarka kan kayan gyara. Amma ni da zan zaɓa wa mahaifiyata, sabon bawul zan saya ko da za a jira. Na fanes dai a rufe yake, ba a yi shi don a buɗe ba.

Tanko_MaiGyara
Na fanes daban, na hita daban, ranka ya daɗe. Wanda zai jira kaya sati uku a sanyin nan shi ne ke komawa ga gawayi.

Maman_Hibba
Jama'a na dawo da labari. Baban Hibba ya samo wani mai gyaran daban. Wannan ya buɗe a gabanmu, ya hure failot ɗin, sai ga wani dunƙulen ƙura da gawar ƙwaro sun faɗo a tafin hannunsa. Ya goge tsinin, ya ƙara ɗaure notin. Wutar ta dawo shuɗiya tana huci, na saki hannu ta tsaya. Ya shafa kumfa ko'ina, babu yoyo. Alhamdulillahi.

Sai dai jiya da daddare mun kunna a ɗakin Mama, ƙofa da taga a rufe saboda iska, bayan kamar minti arba'in ta mutu da kanta. Na sake kunnawa, ba ta jima ba ta sake mutuwa. Yanzu kuma mene ne? Ko dai mai gyaran farko yana da gaskiya?

Injiniya_Bukuru
Ni a ganina hitar ce ke aikinta. Irin waɗannan failot ɗinsu an ƙera shi ne ya ji raguwar oksijin. Iskar da muke shaƙa tana da kusan kashi 21 cikin 100, in ta sauka wajen 18 harshen wutar sai ya ɗaga ya bar tsinin, bawul ya rufe. Hita mai faifai uku in an ƙure ta tana cin wajen giram 300 na gas a awa, tana shan iskar ɗakin tare da ku. Ga shi Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, iskarmu ba ta kai ta Legas kauri ba. Gwada ta a falo da taga a ɗan buɗe. In ta yi awa biyu ba ta mutu ba, iska ce.

Tanko_MaiGyara
Zai iya zama haka. Amma na sha ganin tamokopul mai rauni da ke riƙewa da farko, in jikin hitar ya ɗau zafi ya saki. Hajiya ki lura da wutar daf da za ta mutu: in ta ɗaga ta bar ƙarfen, maganar Injiniya ce. In tana kan ƙarfen shuɗiya lafiya lau kika ji ƙas ta mutu, to a sa mita a tamokopul, in shi ma lafiya yake sai a koma kan maganaɗisu.

Sani_MaiGas
A taɓa jikin tukunyar ma. In ta yi sanyi ƙarara tana zufa, matsin ya faɗi ne, butan ba ya son sanyi. Amma tunda cike take, ban fi zargin wannan ba.

Nas_Rabi
Maman Hibba, ko wanne ne a ciki, kada a yi barci da ita a kunne, kuma takardun irin hitocin nan suna hana sa su a ɗakin kwana. A ɗumama falo Mama ta zauna, a bar ƙofar ɗakinta a buɗe ɗumin ya shiga, a kashe daga tukunya kafin a kwanta. Ki sa mata robar ruwan zafi a naɗe da tawul a wajen ƙafa, kada ta taɓa fata kai tsaye, musamman in tana da ciwon suga. In da hali a nemi na'urar da ke ƙara in ta ji kabon monoksaid, mai batir ce.

Maman_Hibba
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yau a falo za mu kunna, zan ɗan buɗe tagar baya, in zauna kusa in zuba wa wutar ido kamar yadda Malam Tanko ya ce. Anti Rabi, Mama tana da suga kuwa, zan naɗe robar sosai. @DanJos_Winnipeg na'urar da Anti Rabi ta ambata, a wane tsayi kuke maƙala ta a bango a can?